Peugeot 504 ta shekara shida a ajiye, wuta tana ɗaukewa da an murɗa makulli: daga ina za a fara?

"Assalamu alaikum Malam. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya bar mana Peugeot 504 salun haɗin Kaduna, shekara shida ke nan tana ajiye a rumfa a gidanmu na Zariya. Na sayo sabon batir na sa mata. Idan na murɗa makulli fitilun dasbod suna kawowa, amma da na kai shi wurin tayarwa sai in ji ƙas sau ɗaya, komai ya ɗauke, sai na jijjiga kan batir sannan wuta ta dawo. Sau biyu mun tura ta ta tashi, ta yi kamar minti goma ta mutu. Bayan kwana huɗu batirin ya sauka gaba ɗaya. Mai wayarin da na kira ya ce in sayi kik da altaneta, a kuma sake wayarin ɗin motar duka. Ina neman shawara kafin in kashe kuɗi."

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Baba, ya sa Aljanna ce makoma. Ɗan'uwa, abin da ka zayyana matsala uku ce, kuma ba dole ba ne a ce tushensu ɗaya: wuta tana ɗaukewa idan kik ya nemi ja, inji yana mutuwa bayan ya tashi, batir kuma yana sauka mota na tsaye. Shawarata tun daga farko ita ce kada ka sayi ko noti ɗaya sai an auna. Motar da aka ajiye tana lafiya, kik ɗinta da altanetarta ba su cika lalacewa haka kawai suna zaune ba. Abin da zama yake ci shi ne mahaɗa, wato duk wurin da ƙarfe ya taɓa ƙarfe wuta take bi ta wuce.

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a 1968, masana'antar PAN da ke Kakuri a Kaduna kuma ta fara haɗa motoci a 1975. Wayarin ɗin wannan mota mai sauƙi ne ƙwarai: volt 12, babu kwamfuta, fis ɗin kaɗan ne, kuma bodin motar da kansa shi ne hanyar komawar wuta zuwa kan batir mai alamar ragi. Wannan na ƙarshen shi ne mutane suke mantawa. Rabin hanyar wutar motarka ba waya ba ce, ƙarfe ne da noti da washa. Damina shida ta wuce a kan waɗannan mahaɗai, raɓa ta kwanta ta bushe, ƙurar hunturu ta shiga ta riƙe danshi, jan ƙarfe ya yi kore, baƙin ƙarfe ya yi tsatsa. Wannan dattin ba ya tsinke wuta gaba ɗaya. Yana barin kaɗan ta wuce, wadda ta ishi ƙananan fitilun dasbod. Kik kuwa yana jan amp 120 zuwa 200 a lokaci guda. Mahaɗar da ta ƙara turjiya ga wuta ta ohm 0.03 kacal, idan amp 150 ya bi ta cikinta, ta cinye volt 4.5 ke nan, kik ya tashi da abin da bai kai volt 8 ba. Idan kuma taɓawar a ɗan ƙanƙanin wuri ce, zafi yakan ƙona wurin nan take, wuta ta ɗauke duka, sai ka jijjiga ya sami sabon wurin kamawa. Ka ga alamar da ka ba ni ke nan, harafi da harafi.

Kafin a sake ɗaura batir

Kayan aikin ba su da yawa: mita mai auna volt da amp, fitilar gwaji da za ka haɗa da ƙwan sigina mai watt 21 da wayoyi biyu, ƙwan fitilar gaba mai watt 55, sufanu lamba 8, 10, 13 da 17, samfefa, burushin waya, giris ko baselin, da waya mai kauri ta jona batir. Ka cire zobe da agogon ƙarfe, domin idan suka haɗa kan batir da bodi suna yin ja cikin daƙiƙa. Kullum kan ragi ake fara cirewa, shi ake mayarwa daga ƙarshe. Ka sa giya a firi, ka tare tayu da dutse, kada ka dogara da birkin hannun da ya shekara shida ba a ja shi ba.

Ka buɗe bonet ka duba da ido da hanci. Ɓeraye suna son bayan dasbod da cikin tukunyar iska da ƙarƙashin kujerar baya, kuma suna gaigayar robar waya su bar tagulla tsirara. Zanzaro yana gina ɗakinsa na laka a cikin altaneta da bayan akwatin fis. Duk inda ka ga kashin ɓera ko tarkacen soso, ka bi wayoyin wurin da yatsa ɗaya bayan ɗaya.

Daga nan ka yi wannan gwaji, wanda ya ceci motoci da yawa daga gobara. Ka ɗaura kan ƙari, ka kashe komai, ka rufe ƙofofi, sannan ka sa ƙwan nan mai watt 55 tsakanin sandar ragi ta batir da wayarta, maimakon ka ɗaura ta kai tsaye. Idan ƙwan bai kama ba, ko ya yi ja kaɗan, ci gaba. Idan ya haska sosai, akwai waya mai wuta da ke taɓa bodi, kuma ƙwan ne ya tare wutar da za ta narkar da ita. Kada ka ɗaura batir sai an gano wurin.

Tun da kun tura ta ta tashi, mun san injin bai kafe ba, wannan ya rage mana aiki. Amma ka canja baƙin mai da filta kafin tashi na gaba.

Batir da manyan wayoyi

Sabon batir ba shi ne cikakken batir ba. Yana iya yin watanni a shago cikin zafi yana sauka da kansa, kuma naka ya riga ya sauka ƙasa sau ɗaya, wanda yake rage masa ƙarfi. Ka kai shi caji a hankali, amp 4 zuwa 6, ya kwana. Caji mai zafi na awa ɗaya yana cika fuska ne kawai. Bayan an sauke shi ka bar shi ya huta awa biyu zuwa uku sannan ka auna: volt 12.6 cikakke ne, 12.4 ya kai kashi uku cikin huɗu, 12.2 rabi, 12.0 saura kaɗan. Idan bayan caji ya tsaya wajen 10.5, ɗaki ɗaya cikin shidan ya mutu, ka mayar wa wanda ya sayar maka. Idan mai murfi ne, ruwa ya rufe faranti, kuma ruwan batir tatacce kaɗai ake ƙarawa, ba asid ba, ba ruwan rijiya ba.

Sai kawunan batir. Ka kwance su, ka wanke farin garin nan da ruwan ɗumi da aka jiƙa kanwa ko soda a ciki, ka kula kada ya shiga cikin batirin. Ka goge sandar da cikin kan da samfefa har su yi ƙyalli. Kan da ya buɗe har ana cusa masa ƙusa ko guntun gwangwani don ya kama, a canja shi. Akwai wani abu na musamman ga tsofaffin Peugeot: wasu sun zo da kan ragi mai noti mai kunnuwa, wanda ake sassautawa da hannu don a yanke wutar mota duka. Idan naka irinsa ne, fuskar da ke ƙarƙashin notin tana yin tsatsa ba a gani, kuma ita kaɗai tana iya haifar da duk abin da ka faɗa. A ware shi a goge ciki da baya. Giris ana shafa shi ne bayan an ɗaure, daga waje.

Ka bi wayar ragi zuwa inda ta kama bodi, ka kwance, ka kankare fenti da tsatsa har farin ƙarfe ya fito, ka mayar da sabuwar washa. Ka nemi wayar at, wato wayar komawar wuta, da ta haɗa inji ko giyabos da bodi. Inji yana zaune ne a kan roba, idan wannan wayar ta ruɓe wutar kik sai ta nemi hanya ta wayar totur ko ta cok, shi ya sa wani lokaci za ka taɓa su ka ji zafi. Ka lanƙwasa manyan wayoyin a hannunka kusa da kawunansu: wadda ta kumbura, ko ta yi tauri, ko ka ji tana ƙaras-ƙaras, asid ya bi ta ciki ya cinye ta ko da robar waje tana da kyau. Idan za ka canja, ka sa tagulla ta gaske mai kaurin milimita 25 murabba'i ko fiye. Ana sayar da wadda aka yi wa alminiyom fentin tagulla, ka kankara bakin da wuƙa, idan fari ya fito ka bar ta.

Yadda ake kama wurin da wuta ke ɓacewa

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan masu gyara da yawa suke kuskure. Sai mutum ya ɗora mita a kan kik mota na tsaye, ya ga 12.5, ya ce wuta tana zuwa, kik ne ya mutu. Mita ba ta jan komai, ko zare ɗaya na tagulla ya rage za ta nuna 12.5. Ana auna mahaɗa ne a lokacin da ake ɗora mata nauyi.

Ka cire ƙaramar wayar da ke kai wuta kwayil, wato abin da ke samar wa fulogi tartsatsi, ka naɗe bakinta, don kada inji ya tashi. Ka sa mita a volt 20 na DC. Wani ya zauna ya riƙe makulli a wurin tayarwa daƙiƙa biyar duk lokacin da ka ce masa. Awo na farko a kan sandunan dalma na batir da kansu, ba a kan kawunan ba. Idan ya faɗi ƙasa da 9.6, batir ne ba shi da ƙarfi, ko kik ne ya cije yana jan wuta fiye da kima. Idan kuwa ya tsaya a 12 da wani abu alhali dasbod ya yi duhu, batir ya fita daga zargi, wutar ba ta fita daga cikinsa ba ne.

Awo na biyu: jan bakin mita a sandar ƙari ta batir, baƙin a kan babban notin kik. A murɗa. Abin da mita ta nuna shi ne abin da hanyar ta cinye, kuma bai kamata ya wuce 0.5 ba. Na uku: jan baki a jikin inji inda babu fenti, baƙin a sandar ragi, kada ya wuce 0.3. Ɓangaren da ya nuna volt 2, ko 5, ko 11, nan ɓarawon yake. Sai ka riƙa matso da bakin mita mahaɗa bayan mahaɗa, daga sanda zuwa kai, daga kai zuwa ƙarshen waya, daga waya zuwa bodi, har ka ga tsakanin wurare biyun da lambar ta yi tsalle. Idan babu mita a kusa, ka ɗauki wayar jona batir ka haɗa sandar ragi da jikin inji kai tsaye. Idan kik ya juya, at ce. Bayan an gwada tayarwa sau biyu kuma ka bi mahaɗan da bayan hannu a hankali, wadda ta yi zafi ita ce mai laifi.

Ina sa ran a nan matsalarka ta farko za ta ƙare. Idan duk awon sun yi kyau, ga volt 12 a babban notin kik, amma ƙas kawai kake ji fitilu ba su dusashe ba, to sai a duba ƙaramar wayar da ke zuwa daga makulli zuwa solonoyid, wato madannin wutar da ke jikin kik: ana so ta kawo volt 10 ko fiye a lokacin murɗawa. Idan ba ta kawo ba, bayan makullin ne. Makullin Neiman na waɗannan motoci yana da faranti a gindinsa da suke yin baƙi, a fesa musu mai wanke mahaɗar wuta a murɗa sau ashirin batir a cire, ko a canja gindin. Idan ta kawo, yanzu ne ya halatta a sauke kik. Ko an sauke shi, sau da yawa buroshi ne ya maƙale a gidansa, ko faranti biyu na cikin solonoyid sun ƙone, ko giris ya daskare a kan sandar bendis. Duk gyaran hannu ne. Tsohon kik na asali, Paris-Rhône ko Ducellier, idan an wanke shi an sa masa buroshi da bushi, ya fi da yawa daga cikin sababbin da ke kasuwa ƙarko.

Akwatin fis ma a cire kowane ɗaya, a goge bakinsa da maƙalinsa, a ɗan matse maƙalin. Duk inda aka naɗa wayar tagulla ko takardar sigari a madadin fis, a cire, a sa mai lambar da ta dace.

Me ya sa take mutuwa bayan minti goma?

Kada a yi saurin ɗora wa altaneta. Kwayil amp 2 zuwa 4 kawai yake ja, cikakken batir zai riƙe injin awanni ko da babu caji sam. Ko dai batirin ya riga ya galabaita lokacin da kuka tura, ko mahaɗar nan ce ta sake saki da girgizar inji, ko kuma wani abu ne daban. Yadda ta mutu shi zai gaya maka. Idan ta yanke farat ɗaya kamar an kashe makulli, wuta ce. Idan ta yi ta shaƙewa tana tari kafin ta mutu, mai ne: fetur ɗin da ya shekara shida ya zama danƙo, tanki ya yi tsatsa, famfon mai na 504 kuma na inji ne mai fatar roba da take bushewa. A juye tankin, a canja filta da tiyo, a wanke kafireto.

Idan wuta ce, ka gwada a daidai lokacin da ta mutu, da zafinta. A kwayil na Faransa za ka ga an rubuta BAT a ɗaya gefen, RUP a ɗayan. Makulli a buɗe, fitilar gwaji tsakanin BAT da bodi ta haska sosai. Ka mayar da ita tsakanin RUP da bodi a murɗa inji, ya kamata ta riƙa ƙiftawa. Idan ta tsaya a kunne, kwantak, wato ƙarfen cikin dilko mai buɗewa da rufewa, ba ya haɗuwa, fuskarsa ta yi datti. Idan ba ta kama ba sam, kwandansa ya haɗe, ko wayar dilko tana taɓa jiki, ko kwayil ya tsinke a ciki. Kwayil da kwandansa sun shahara da yin aiki da sanyi su gaza da zafi, su dawo bayan rabin awa. Kwantak da kwandansa ba su da tsada, a canja su tare, a saita buɗin kwantak milimita 0.4, fulogi 0.6, a ɗiga ɗan giris a kan ƙwaryar da ke buɗe shi, sannan a duba tayimin. Ka leƙa cikin murfin dilko ko akwai tsaga ko layin baƙi, ko ɗan gawayin tsakiya ya maƙale. Jerin tashin fulogi 1-3-4-2 ne, ka yi wa wayoyin alama kafin ka zare. Kuma kada ka bar makulli a buɗe inji a kashe fiye da minti ɗaya ko biyu, yana dafa kwayil yana ƙona kwantak.

Caji da saukar batir

Inji na aiki, ka ɗan ba shi wuta zuwa wajen juyi 2,000, mita a kan batir ta nuna 13.8 zuwa 14.4. Ka kunna fitilun gaba, kada ta sauka ƙasa da 13.2. Idan ta tsaya a 12 da ɗoriya, babu caji. Ka fara da fambel: ya bushe, a canja, a ɗaure yadda yatsa zai danna shi kamar santimita ɗaya. Ka auna tsakanin babban notin bayan altaneta da sandar ƙari, kada ya wuce 0.4. Tsofaffin 504 suna da regileta, wato mai daidaita caji, a waje, ɗaure a jikin bodi, kuma ta jikin nan take samun at. Tsatsa a ƙarƙashinta kaɗai tana iya rikita caji, har ya haura volt 15 ya tafasa batir. A kwance ta a goge, a goge bakin da aka rubuta EXC. A motar da ke da jar fitilar caji a dasbod kuwa, ta wannan ƙwan ne altaneta take samun wutar farko, idan ya ƙone tana iya ƙin caji tana lafiya lau. Ina roƙonka kada ka yarda a cire kan batir inji na aiki wai don a ga ko akwai caji. Wutar tana tsalle ta ƙona dayod da regileta, a lalata abin da ake son gwadawa.

Saukar batir a kwana huɗu lissafi ne mai sauƙi. Awa 96 ke nan. Ƙwai ɗaya mai watt 5 yana jan kusan amp 0.4, ya cinye amp 38 a wannan lokaci, wanda ya isa ya kwantar da batir mai amp 60 da aka riga aka gajiyar da shi wajen gwajin tayarwa. Ka kashe komai, ka sa mita a amp 10, ka jona ta tsakanin sandar ragi da wayarta, kuma kada kowa ya taɓa makulli domin kik zai ƙona mitar. Mota irin wannan bai kamata ta ja fiye da amp 0.03 ba. Idan ta wuce, ka riƙa zare fis ɗaya-ɗaya har lambar ta faɗi. Waɗanda aka fi kamawa su ne fitilar but, fitilar rufi da madannin ƙofarta ya yi tsatsa, madannin fitilar birki, da rediyo ko ham da aka jona kai tsaye daga baya. Idan an zare fis duka ba ta faɗi ba, ka cire batir, ka kwance babbar wayar altaneta ka naɗe ta, ka sake aunawa. Idan ta faɗi, dayod ne yake yoyo, kuma farantin dayod ɗin ake canjawa, ba altanetar duka ba.

Batun sake wayarin duka

Ban goyi baya ba, sai in an buɗe an ga robar wayoyin tana farfashewa da an lanƙwasa a wurare da yawa, ko gobara ta taɓa cin damin wayoyin, ko ɓera ya yi ɓarna mai faɗi a bayan dasbod. Wayoyin Peugeot na asali suna da lamba a jikinsu kusa da baki, wanda yake sa a iya bin su da taswirar wayarin. Idan aka tuge su aka zuba wayoyin kasuwa masu launi ɗaya, duk wanda zai taɓa motar nan gaba sai ya yi lalube. Inda waya ta lalace a yanke wurin kawai, a sa mai kauri ɗaya da ita, a matse ko a yi solda, a rufe da roba mai tsukewa da zafi. Murɗa tagulla da hannu a naɗe da salatif, zafin bonet yana sake shi cikin 'yan watanni.

Ban ga motar da idona ba, kuma 504 da ta yi shekaru a hanya da wuya a ce ba a canja mata altaneta ko dilko ko makulli da na wata mota ba. Idan ka tarar dilkon ba mai kwantak ba ne, gwajin RUP da na bayyana bai shafe shi ba, kada ka jona masa ƙwai mai watt 21. Ka kira mai wayarin ɗinka, cikin mutunci ka nemi ku yi awon nan tare, kai kana rubuta lambobin: volt ɗin batir a hutu, volt ɗinsa lokacin murɗawa, abin da ɓangaren ƙari ya cinye, abin da ɓangaren ragi ya cinye, volt ɗin caji, da amp ɗin da take ja a kashe. Idan lambobin nan shida ba su fito da mai laifin ba, ka turo min su tare da hoton bayan altaneta da na akwatin fis, mu ɗora daga nan in sha Allahu.